Ranar da Narigaka Ya Sayi Iska

A wani layi mai gidaje goma sha biyu akwai wani mutum da ake kira Narigaka. Bakinsa ne ya raɗa masa wannan suna. In ka ce masa hadari ya haɗo, sai ya ce, "Na riga ka gani." In ka ce an ƙara kuɗin mai, ya ce, "Na riga ka ji." Wata rana likita ya buɗe baki zai gaya masa abin da ke damunsa, ya ce, "Na riga ka sani." Likitan ya miƙa masa biro, ya ce to ya rubuta wa kansa magani.

Shekara talatin da biyu ya yi a ofis yana buga hatimi a kan takardu. Da ya yi ritaya, zaman gida ya ishe shi, sai ya shiga gyare-gyare. Ya gyara agogon bango har ya koma tsayawa sau uku a rana. Ya gyara famfon kicin har ruwa ya daina fita ta sama ya koma fita ta ƙasa.

Wata safiya yana kallon waya, ya ga wani mutum a ɗakin aikinsa yana buga ƙusa da iska, yana kwance noti da iska, yana fesa fenti da iska. Ya miƙe zumbur ya nufi gareji, inda matarsa take ɗinkin labule da zanin gado.

"Maman yara, tsai da keken nan. Kin san abu ɗaya da ba a sayarwa a duniya?"

"Hankali," in ji ta, ba ta ko ɗaga kai ba. "Da ana sayarwa da tuni na yi maka tsaraba."

"Iska! Iska kyauta ce. Ga ta nan tana yawo a banza, ba mai kula ta. Ni zan kama ta, in ɗure ta a tanki, in sa ta aiki. Ki ba ni garejin nan wata ɗaya. In ban mai da shi masana'anta ba, ki canza min suna."

"Ai an riga ni."

Duk da haka ta kwashe kekenta da yadikanta ta koma baranda, domin ta san hana shi ba ya ƙara komai sai tsawon jawabi.

Shagon kayan aiki yana bakin babbar hanya. Mai shagon mace ce, ta gaji sana'ar daga mahaifinta, ta san kowace ƙusa da kowane noti da ke ciki.

"Sannu da zuwa, Baba. Me za a ba ka?"

"Kira min mai shagon."

"Ga ta a gabanka."

"Na riga ki sani. Gwada ki nake yi. Injin iska nake so, wanda ya fi kowane ƙarfi."

"Wane aiki za ka yi da shi?"

"Duka."

"Duka kuma? Wa ya yi laifi?"

"Ina nufin dukkan aiki, 'yata. Ƙusa, noti, fenti, har abin da ba a ƙirƙiro ba tukuna."

Ta ajiye abin da ke hannunta ta fito daga bayan kanta. "To Baba, abu biyu ake dubawa. Akwai ƙarfin turi, shi ne lambar da ke kan agogon inji. Akwai kuma yawan iskar da yake iya bayarwa a jere ba tare da ya gaji ba. Bindigar ƙusa kurɓa ɗaya take yi ta huta, ƙaramin inji ya ishe ta. Amma bindigar fenti da na'urar kwance noti, waɗannan maƙoshin raƙumi gare su. Sai babban tanki."

Ta nuna masa wani ƙato mai ruwan toka, mai tayoyi biyu, kamar ganga a kwance. Amma idon Narigaka yana kan wani ɗan ƙarami ja, mai ƙyalli, wanda bai fi tukunya ba. Ya sunkuya ya karanta lambobin da ke jikinsu.

"Wancan ƙaton ɗari da ashirin da biyar. Wannan ɗari da hamsin. A makarantar da na yi, ɗari da hamsin ya fi."

"Baba, kofin shayi ko ya cika har baki bai kai bokitin da ke rabi ba."

"Ƙaramin goro ya fi babban dutse. Ba ni jan."

Suka zo kan tiyo. Ta ɗauko baƙin roba mai kauri. Ya ture shi, ya zaɓi wani siriri mai ruwan ɗorawa, wanda ya nannaɗe kamar igiyar tarho ta da. Da ya ga bai da tsawo, ya ce a ba shi uku zai haɗa su.

"Siriri kuma dogo, iskar za ta iso a gajiye," in ji ta. "Kamar ka ce za ka kashe gobara da bututun shan lemo."

"Iska ba ta gajiya. Kin taɓa ganin iska ta zauna tana hutawa?"

Ta ce kawunan ƙarfen da ke haɗa tiyo da bindiga dole su zama 'yan gida ɗaya, in ba haka ba ba za su kama juna ba. Ya dumbuzo su daga wani kwandon ragowa da ke bakin ƙofa, wannan dogo, wancan gajere, ya ce ƙarfe ƙarfe ne. Ta ce ya ɗauki matatar da ke tare ruwa kafin ya kai bindigar fenti. Nan ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ruwa a cikin iska? 'Yata, ki sayar wa wani wannan. Ni da idona a buɗe na zo."

Ya haɗa da bindigar ƙusa, da ta fenti, da na'urar kwance noti, da tabarau mai roba. Ta saka masa littafin bayani a leda, ta ce don Allah ya karanta. Ya kuwa yi amfani da shi, domin da ya isa gida ya tokare ƙafar teburin da ke rawa da shi.

Gidan da ke kallon nasa na wani tsohon mai faci ne, mai rumfa a bakin layi. Mutum ne mai ƙarancin magana, shekara da shekaru yana aiki da wani baƙin inji da ya fi wasu samarin layin tsufa. Ya tsallako ya tsaya a bakin gareji, ya daɗe yana kallon ɗan jan injin.

"Injiniya, ashe an yi haihuwa. Allah ya raya."

"Wannan jaririn da kake gani, numfashi ɗaya zai yi ya kai tsohon naka asibiti."

"To madalla. Sai dai ka riƙa buɗe ɗan famfon da ke ƙasan tankin kullum, ruwa ya fita."

"Kai ma ka shiga ƙungiyar masu ruwa? Je ka facinka."

Mai faci bai tafi ba. Ya jingina da bango.

Kawunan ƙarfen suka ƙi kama juna, kamar yadda aka faɗa. Narigaka ya yanko tsohuwar robar taya ya ɗaɗɗaure gaɓoɓin, ya bi da waya, ya ja da haƙori. Sannan ya soka injin a doguwar wayar da ta taso daga baranda, wadda keken matarsa da dutsen guga suke kai, ya danna makunni. Injin ya yi wata ƙara kamar ana yanka kwano da zarto, sai ɗif, wutar gidan duka ta ɗauke.

"Baban yara!" Muryarta ta taso daga baranda. "Ka ce iska kyauta ce, ga shi ta fara da cinye min wuta!"

"Alamar ƙarfi ke nan! Inji mara ƙarfi ba ya kashe wuta."

Aka gyara, ya koma soket na bango. Allurar agogo ta hau, ta hau, Narigaka yana hawa tare da ita. Tana kaiwa ƙarshe sai fau! Gaɓa ta biyu ta ɓalle. Tiyo ya miƙe yana huci kamar macijin da aka taka wa wutsiya. Ya fyaɗi bango, ya fyaɗi gwangwanin ƙusoshi, ya waiwayo ya fyaɗi Narigaka a maraƙi. Ya yi hagu, tiyo ya yi hagu. Ya yi dama, tiyo ya riga shi. Ƙarshe ya ɗare kan teburi da takalmi ɗaya, yana kare kai da murfin bokiti.

Mai faci ya tako a hankali ya murɗa famfon iska. Tiyo ya kwanta lakwas.

"Sauko, ya mutu."

"Wa ya ce ka kashe? Gwajin ƙarfi nake yi. Daga sama aka fi ganin sakamako."

Washegari abin da ya fi kowace masifa ya faru: bindigar ƙusa ta yi aiki. Ɗan jan injin ya ishe ta sarai. Tas, ƙusa ta shige katako har kai. Narigaka ya tsaya yana kallon hannunsa kamar yau aka ba shi shi. Daga nan duk abin da ya tsaya wuri ɗaya sai ya sha ƙusa. Ya kafa kanta uku a bango, ya gyara benci, ya gyara kujerar da ba abin da ya same ta. Sai ya lura katakon ƙofar gareji yana ɗan motsi. Ya rufe ƙofar daga ciki don ya daidaita shi, ya bi shi tas, tas, tas, daga sama har ƙasa.

Da rana ta take, matarsa ta ƙwanƙwasa. "Fito ka ci abinci."

Ya tura ƙofa, ko gezau. Ya sa kafaɗa, ko gezau.

"Ina cikin aiki. Ki rufe min shi."

Bayan awa biyu ta ji murya ƙasa-ƙasa ta taga. "Maman yara. Miƙo min abincin ta nan."

"Ƙofar fa?"

"Ma'aikaci na gaskiya ba ya barin bakin aiki."

Ta miƙa masa, ya ci, ya sha ruwa kofi uku saboda zafi. Ruwan nan ne ya karya shi. Bayan wata awa ya kira ta da muryar da ba ta taɓa ji ba, ya ce don girman Allah ta kira mai faci, kuma ta ce masa ya yi sauri.

Ƙusa ashirin da bakwai mai faci ya zare, yana jera su a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ƙofa na buɗewa Narigaka ya wuce su kamar kibiya. Da ya dawo, ya gyara wuyan riga.

"Tsaron ƙofar na gwada. Yanzu na tabbata ɓarawo ba zai shiga ba."

"Mai gida ma ba zai fita ba," in ji mai faci.

Da abin ya tsaya nan, da an yi dariya an manta. To amma akwai direban tasi a gida na uku, matashin magidanci mai 'ya'ya biyu da farar mota ɗaya tilo. Ya yi wata shida yana bin wani kamfani don su ba shi jigilar ma'aikatansu, sai a satin nan suka amince. Sharaɗinsu ɗaya: ranar Litinin ya zo da motar shuɗiya kamar sauran motocinsu, in ba haka ba akwai mutum biyar a bayansa. Ya zaga wurin masu fenti uku, kowa ya ce sai bayan sati biyu. Yana zaune a rumfar mai faci yana ba da labari, ya zabga tagumi, sai ga Narigaka.

"Fenti? Kana da ni a layi kana yawon gari? Sayo fentinka ka kawo motar ranar Asabar. Kyauta. Awa ɗaya."

"Baba Injiniya, ka taɓa yi kuwa?"

"Ka tambayi kifi ko ya taɓa wanka."

Mai faci ya gyara murya. "Injin nan naka, ai fentin mota..."

"Na riga ka sani. Kishi ne. Ɗana, kada ka saurare shi."

Direba ya dubi wannan, ya dubi wancan. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya je ya sayo shuɗin fenti babban gwangwani.

Kafin Asabar Narigaka ya bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya, ya ce kowa ya zo buɗe masana'anta. Ya aro kujeru ya jera a ƙofar gida. Ranar Asabar da hantsi wuri ya cika. Tsohon hedimasta, wanda bai taɓa zama a baya ba a rayuwarsa, ya ɗauki kujerar tsakiya a sahun farko, cikin fararen kaya masu karin guga. Maman yara ita kaɗai ta ja kujerarta can nesa, ta buɗe lema ta riƙe, alhali babu ruwa, rana ma ba ta yi zafi ba.

"Lemar ta mece ce?" wata maƙwabciya ta tambaye ta.

"Shekara talatin ina aure da shi."

Narigaka ya fito cikin farar rigar aiki, tabarau a ido, babu hula, sanƙonsa yana ɗaukar rana. Ya tarar direba da mai faci suna manna tsofaffin jaridu a gilasai da fitilu.

"Ɓata lokaci. Hannuna ya san iyaka."

Suka yi kamar ba su ji ba.

Ya fuskanci jama'a. "'Yan'uwa, yau za ku ga abin da ilimi yake yi. Da farko zan cire tayoyin nan huɗu kafin ku ƙifta ido."

Ya ɗora na'urar kwance noti a kan taya ya danna. Tarrrr! Jama'a suka miƙa wuya. Tarr. Tar. Ta. Sai ta yi ajiyar zuciya ta yi shiru. Notin yana nan inda kamfani ya sa shi.

"Wa ya ɗaure notin nan? Wannan ai mugunta ce."

"Ni ne," in ji mai faci, "da hannu."

"To a bar tayoyin. Dama na canza shawara. A rufe su da jarida."

Ya cika kofin bindigar fenti, ya jira ɗan jan injin ya gama haki, ya tsaya a gefen ƙofar direba, ya ware ƙafa. Ya ja kunama. Wani lallausan shuɗi ya kwanta a jikin ƙofar, sumul, gwanin kyau. Jama'a suka yi tafi. Direba ya saki numfashin da ya riƙe tun jiya. Narigaka ya waiwaya ya rusuna wa hedimasta.

Daɗin bai kai ƙirga goma ba. Allurar agogo ta zube, injin ya tashi yana gurnani, amma abin da yake turawa ta siririn tiyo uku bai kai hucin tsohuwa ba. Bindiga ta daina feshi ta koma tofi. Tuf. Tuf-tuf. Manyan ɗigo suka fara sauka a kan fara, suna gangarowa kamar hawaye.

"Baba Injiniya..."

"Shafin farko ne. Haka yake farawa."

Ya ci gaba, ya zaga bayan mota, ya dawo ta ɗaya gefen. Sai ruwan da ya kwana biyar yana taruwa a tanki ya samo hanya. Yanzu kowane tofi da rakiyarsa: ɗigon fenti, ɗigon ruwa mai tsatsa, kumfa. Kafin a jima motar ta koma zabuwa sak, ga ɗigo-ɗigo tun daga hanci har wutsiya.

"Wannan wane irin launi ne?" wani ya tambaya daga baya.

"Sabon salo ne. Bai iso nan ba tukuna."

Direba ya ɗora hannu biyu a ka. "Baba, jibi Litinin! Abincin 'ya'yana ne kake yi wa ƙyanda!"

"Kwantar da hankalinka. Bakin bindigar ne ya toshe. Aibin masu ƙera ta ne."

Ya murɗa maɓallin iska har ƙarshe. Ya ciro allura daga aljihu, ya juyo bakin bindiga yana kallonsa, ya shiga tsokana yana yi wa jama'a bayani a kan yadda ake gane gwani a lokacin matsala. Bayanin ya yi tsawo. Ya yi tsawon da ɗan jan injin ya samu sarari ya cika cikinsa taf, ya yi shiru.

"Injiniya," in ji mai faci, "ɗan yatsanka yana kan..."

"Na riga ka..."

Fssssss!

Ba a taɓa ganin bindigar nan ta yi aiki mai kyau irin na wannan lokaci ba. Tabarau ya rufe ruf. Narigaka ya ja da baya yana lalube, diddigensa ya sauka a kan gaɓar tiyo, robar taya ta ce ita ta gaji. Fau! Macijin ya farka, kuma yau ya samu 'yan kallo. Ya share ƙura ya watsa wa sahu na biyu, ya ɗauke hular wani, sannan ya nannaɗe ƙafar kujerar da babban gwangwanin fenti yake kai a buɗe, ya fizga.

Gwangwanin ya tashi. Kowa ya gan shi a sama, ba wanda ya iya komai. Ya juya sau ɗaya, ya sauke rabin cikinsa a kan sahun farko, kuma kaso mafi tsoka ya tafi kujerar tsakiya.

Wuri ya kaure. Kujeru suka kife, masu gudu suna karo da masu dariya. Wasu 'yan ɗigo suka kai har can nesa, suka sauka tap-tap a kan lema. Maman yara ta leƙo ta ƙarƙashinta, ta gyara zama.

Hedimasta bai motsa ba. Ya dubi ƙirjinsa, ya dubi cinyarsa, ya ciro hankici, ya ga ba inda zai fara, ya mayar.

"Na yi shekara arba'in ina koyarwa," ya ce a hankali, "ban taɓa ba ɗalibi ƙasa da sifili ba. Yau na ga dalili."

Ɗan jan injin ya yi zafi, ya yi tari biyu, ya kashe kansa.

Mai faci ya durƙusa ya buɗe ɗan famfon da ke ƙasan tankin. Jan ruwa ya tsiyayo, ya tsiyayo, har ya yi ɗan tafki a kan siminti.

"Injiniya, zo ka ga ruwan da babu."

Narigaka ya cire tabarau ya duba. "Wani ne ya zuba."

Sai aka ga direba ya zauna a ƙasa kusa da tayar motarsa, idonsa ya kawo ruwa. Dariya ta tsaya. Mai faci ya shafa jikin motar da yatsa, ya ga fentin bai kama ba tukuna, ya ɗaga gwangwanin ya auna abin da ya rage.

"Tashi, ɗana. Ba a mutu ba. A kawo tina mai wanke fenti da tsummoki, duk wanda ya yi dariya ya ɗauki ɗaya. Mutum huɗu su je rumfa su turo min tsohona, da baƙin tiyo, da matatar da ke rataye a ƙusa. Wani ya hau babur ya ƙaro fenti irin wannan."

"Baba, ka iya fenti ne?"

"Shekara goma na yi ina fesa motoci, kafin ƙirji ya kore ni na koma faci."

"To me ya sa ba ka faɗa ba tun ranar?"

"Wa ya bar ni na kai aya?"

Layin duka ya duƙufa. Maman yara ta rufe lema ta kawo buhun ƙyallayen da suka rage mata daga ɗinki. Hedimasta ya ce tunda kayan sun riga sun tafi, bari su tafi a kan aiki, ya naɗe hannun riga. Aka goge zabuwa tas, aka bar ta ta sha iska, aka bi ta da takardar gurza. Baƙin injin ya iso yana tafiya kamar tsohon bijimi. Da aka tayar da shi, bai yi ihu ba, gurnani kawai yake yi a hankali, allurarsa ta tsaya wuri ɗaya ta ƙi sauka.

Mai faci ya ɗaure hanci da baki, ya karɓi bindigar nan dai da aka ce masu ƙera ta sun yi aibi. Hannunsa ya riƙa tafiya daga hagu zuwa dama kamar mai shafa bayan jariri. Narigaka ya matso zai ba da shawara, aka damƙa masa tiyo aka ce ya ɗaga shi sama kada ya taɓa mota, kuma aikin ba ya son magana.

Haka ya yini riƙe da tiyo. Ya san ɗan fenti ya taɓa shi, amma a ganinsa ɗigo ne ɗaya ko biyu. Ya dai lura duk wanda ya dube shi sai ya ciji leɓe ya kau da kai. Ya ɗauka girmamawa ce.

La'asar sakaliya mota ta tsaya shuɗiya shar, tana ƙyalli kamar yau aka sauke ta daga jirgi. Direba ya zaga ta sau uku, ya kama hannun mai faci da hannu biyu yana ta godiya. Narigaka ya ajiye tiyo, ya kakkaɓe hannu, ya juyo wurin jama'a.

"To, kun dai ga abin da muka yi, ni da mataimakina. Shi ya sa nake gaya muku..."

A daidai nan direba ya yaye jaridar da ke kan gilashin ƙofa. Narigaka ya ga wani mutum a ciki yana kallonsa. Daga tsakiyar kai har haɓa shuɗi ne, launi ɗaya da motar, sai zagaye biyu a ido inda tabarau ya zauna. Ya ɗaga gira, mutumin ya ɗaga. Ya buɗe baki, mutumin ya buɗe.

Kowa ya zuba masa ido. Ana jira.

Ya matsa kusa da gilashin, ya karkata kai hagu, ya karkata dama, ya shafa sanƙon da tafin hannu.

"Ku zo ku duba," ya ce. "Babu ɗigo, babu kumfa, ko'ina ya samu daidai. Wannan aikin hannuna ne ni kaɗai, ba wanda ya taya ni. Ashe tun farko matsalar daga motar take."

Mai faci ya zo ya duba kan ta gaba, ya zaga ya duba ta baya. "Gaskiya ya kwanta. Saura shafi na biyu."

"Baba Injiniya," in ji direba yana share hawayen dariya, "ka raka ni ranar Litinin. In ka zauna a gaba za su ce daga kamfani aka aiko ka."

Wani ya miƙo tina da tsumma. Maman yara ta tare hannunsa.

"A'a, wannan zai ƙona masa fata, da mai zan goge shi. Amma ba yau ba." Ta kama hannun rigar mijinta ta juya shi wajen gida. "Kullum in muka shiga kasuwa sai ya ɓace min, in yi ta nema. Gobe akwai cefane. Ku bar min shi haka in more kwana ɗaya."